Ranar da Tela Ya Ɗaga Tuta

In aka ce Mai Tuta a unguwar nan, ba wanda zai tambayi wa ake nufi. Tela ne, dattijon da shagonsa ke manne da na mai gyaran rediyo. Sunan ya bi shi tun ranar da ya ratsa titi daga gidansa har bayan kasuwa, da rana tsaka, riƙe da bindiga tsaye ƙiƙam da hannu biyu, bakinta na kallon sama, tef ɗin awo a wuyansa, silifa ɗaya a ƙafa.

Mutum ne mai sanyin hali. Shekara arba'in yana taka keken ɗinki, bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba, bai kuma taɓa gama ɗinki a ranar da ya yanka ba. Duk wanda ya dawo masa da riga yana kukan ta matse, amsa ɗaya ce: "Sabon abu ne, sa ta kwana biyu, za ta saki." Sau da yawa kuwa takan saki.

Bindigar ta mahaifinsa ce, ta farauta, mai sakata a gefe. Ya gaje ta da takardar izininta da gwangwanin harsashi. Shi ba maharbi ba ne, lambu kawai gare shi a bakin rafi, aladen daji kuma sun ɗauki dankalinsa gadon ubansu. Harbi ɗaya a shekara yakan koya musu hankali. A haka gwangwanin ya ƙare.

Nan gizo ya yi saƙa. Marigayin ya yi ta goge bindigar da tsumma da mai har lambar jikin ƙarfen, mai nuna irin harsashinta, ta shafe. Takarda kuwa ba ta ce komai ba sai "bindigar farauta, guda ɗaya". Tela ya sa tsohon kwanson harsashi a aljihu ya shiga yawo. Masu shago su juya kwanson, su hura shi, su girgiza kai: an daɗe da daina kawo irinsa. A shago na biyar aka fito masa da wani kwali.

"Baba, wannan ya yi kusa," in ji mai shagon, "amma kusa ba ita ba ce. Kai wa mai gyaran bindiga ya auna maka tukuna."

Tela ya zare tef daga wuya. Ya auna tsawo, ya auna kauri, ya ga bambancin bai kai zaren ɗinki ba. A kai masa awo wurin wani? Shi? Ya karɓi kwalin ya yi gida.

A tsakar gida ya zauna, maiɗakinsa na wanki a gefe, ƙaninta ya zo ziyara yana shan shayi. Tela ya sa harsashi ɗaya ya tura sakata. Ta tafi rabi ta cije.

"Sabon abu ne," ya faɗa wa kansa. Ya sa tafin hannu ya buga mata.

Ta shige kaɗan, ta tsaya. Ya ja baya, ta ƙi. Ya tura gaba, ta ƙi. Sai a lokacin ya lura da inda bakin bindigar ke kallo: bayan matarsa, tana sunkuye a kan baho. Gumi ya keto masa. A hankali, kamar mai ɗauke da ƙwai a cokali, ya ɗaga bakin sama.

"Tashi ki shiga ɗaki," ya ce.

"Me ya faru, Malam?"

"Shiga kawai."

Ta dubi fuskarsa, ta bar wankin.

"Yaya, bari in kawo guduma," in ji ƙanin, "ɗan ƙwanƙwasa kaɗan…"

"In ka taɓa guduma a gidan nan, ba ni ba kai. Akwai rai a cikinta."

Ƙanin ya ajiye kofi ya koma bayan tankin ruwa.

Ina zai ajiye ta? Dama katangar maƙwabci, hagu ɗakin iyali, gaba titi. Mai gyaran bindiga kuwa yana can bayan kasuwa, ba shi da waya. Babur ba zai yiwu ba, rami ɗaya ya isa. Sai ƙafa. Ƙofar gida ta fi bindigar gajarta, dole ya durƙusa ya fita da gwiwa, yana jin ƙarfen na gogar saman ƙofa. A nan silifa ɗaya ta zauna, bai waiwaye ta ba.

Da yana zaton sama fili ce. Ashe akwai wayoyin lantarki. Ashe akwai bene, da mata masu shanya a baranda suna leƙo shi. Duk inda ya ga kai a sama sai ya tsallaka ɗaya gefen, yana karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa. Mutane suka fara darewa. Mai rake ya bar baronsa. Wani ya ce fareti ne, wani ya ce Tela ya zautu. Kafaɗunsa suka soma rawa, gumi na shiga idonsa, ba hannun sharewa.

A daidai gidan burodi wani mai ƙaton tumbi ya sha gabansa.

"Yauwa! Yau na kama ka. Ina wandona? Wata guda ke nan!"

"Alhaji, matsa."

"Ba inda zan matsa sai ka faɗa min rana."

"Alhaji, akwai harsashi a ciki, ya maƙale, ban san ran tashinsa ba."

Ba a taɓa ganin tumbi ya shige lungu da sauri irin na ranar ba.

Mai gyaran bindiga tsoho ne mara yawan magana. Ya dubi sakatar, ya dubi Tela, bai ko gaishe shi ba. Ya kori duk masu kallo, ya kai shi bayan shago inda ya ajiye durom cike da yashi, ya kama hannayensa suka sunkuyar da bakin cikin yashin tare.

"Saki."

Yatsun Tela suka ƙi buɗewa. Sai da tsohon ya ɓamɓare su ɗaya ɗaya.

Aka fitar da shi waje ya zauna a benci. Yana jin motsin ƙarfe, sai shiru, sai motsi. Yana ta jiran ƙara. In ta tashi, tsohon nan da bai ji ba bai gani ba, shi ya jawo masa. Bai san tsawon zaman ba, har tsohon ya fito ya ajiye masa harsashin a tafin hannu, wuyan harsashin duk ya lotse.

"Gode wa Allah da ta ƙi rufewa. Da ta rufe ka harba, da yanzu ana neman fuskarka a lambu. Da me ka auna?"

Tela ya taɓa tef ɗin wuyansa.

Tsohon ya auna cikin bindigar da kayan aikinsa, ya rubuta masa lamba a takarda. Sai da aka yi wata biyu kafin a samo harsashi mai wannan lambar daga nesa. Kafin nan aladu sun yi walima, ko saiwa ba su bari ba.

Yanzu in ƙanin matarsa ya biyo ta shago, sai ya ƙame a ƙofa ya sara masa.

"Ranka ya daɗe, Mai Tuta! Yaushe za a sake fareti mu sa hula?"

Tela ba ya ɗaga kai daga keke.

"Yi dariyarka, ɗan bayan tanki. Ni na san yawan mutanen da na wuce ranar nan, kuma ga su nan duka, kowa da bakin yi mini dariya. Ban taɓa kai aiki lafiya kamar wannan ba."