Lamba ta uku a na'urar awon jini

Assalamu alaikum jama'ata. Wata huɗu ke nan ban ce uffan a nan ba. Masu kira suna tambaya ko Adiza ta bar sana'ar doya ne, ban bari ba. Kwanciya na yi, kuma saura kaɗan da ba ni ce zan ba ku labarin ba.

Na daɗe da hawan jini, ina shan ƙwaya ɗaya kullum da safe, ta asibitinmu na Salaga.

Muka je biki Yendi. Ina bakin tukunya kaina ya ɗauki sara kamar ana daka a ciki. Memuna ce kusa da ni, ƙawata tun muna yara a Bawku. Ta kwance bakin zaninta ta miƙo min farar ƙwaya.

"Sha wannan, Adiza. Naki na wasa ne, nawa ne magani."

Kun san halinmu mata. A wurin biki magani yawo yake kamar goro. Na sha, kai ya lafa. Da za mu rabu ta ƙulla min na wata guda, na dawo gida ina haɗawa da nawa.

Ina da na'urar awon jini da 'yata Fuseina ta saya min. Lamba uku take nunawa. Ni dai abin da na sani, in lamba ta sauka an samu lafiya. Ta sama ta sauka, ta tsakiya ta sauka, ta ƙasa ma ta yi ta gangarowa: hamsin da biyu, arba'in da bakwai, arba'in da uku. Wallahi har fariya na yi wa maƙwabta.

Ashe ta ƙasan nan bugun zuciyata ne.

Sai kasala. Ni da nake tsayuwa kan lodin doya tun safe har la'asar, na koma in tsallaka tsakar gida sai na dafa bango. Jiri, sanyin hannu, numfashi sama-sama. Maigidana ya ce tsufa ne. Na ce tsufan lafiya, shekara hamsin da ɗaya?

Ranar wata Laraba ina sallar azahar, na ɗago daga ruku'u, ban sake sanin komai ba sai a bayan motokin, babur ɗin nan mai ƙafa uku, kaina a cinyar Fuseina tana ta salati.

Nas ta riƙe wuyan hannuna tana duban agogo. Ta sake ƙirgawa. Ta fita da sauri. A nan tsoro ya kama ni.

Bugun zuciyata talatin da takwas.

Aka manna min wayoyi a ƙirji, takarda ta fito da zane-zane. Aka ɗebi jini, aka sa ruwa. Katin inshora ya ɗauki wasu, wasu gwaje-gwajen sai da muka biya, kuma mun ji jiki.

Likita ya ce, "Mma, babban mutum yana zaune, zuciyarsa tsakanin sittin da ɗari take bugawa a minti. Ɗan ƙwallo ko mai barci kan yi ƙasa da haka lafiya lau. Amma ke har kin faɗi. Wane magani kike sha?"

Na nuna masa na asibiti kawai.

Na Memuna kuwa yana ƙulle a bakin zanina. Na san Fuseina, bakinta ba linzami. In ta ji, har Bawku za ta je ta ci mutuncin matar da ta yi min wankan jego lokacin haihuwarta. Na ce gara in yi shiru. Kuma don wauta, washegari da safe na faki ido na haɗiye guda, wai kada jini ya hau.

Kwana biyu lamba ta ƙi tashi. Likita ya kira Fuseina gefe, amma kunnena ras. Ya ce in ba a gano dalili ba sai an tura ni babban asibiti, wataƙila a dasa min ɗan batir a ƙirji.

Fuseina ta dawo ta zauna bakin gado, idonta jajir. "Mma, don Allah in akwai abin da kike ɓoyewa ki faɗa. Ni ban shirya zama marainiya ba."

Na kwance bakin zanin.

Likita ya juya ƙwayar, ya yi ajiyar zuciya. Ya ce irin wannan rage gudun zuciya take yi, nawa ma haka, na haɗa biyu. Bai yi min tsawa ba. Da ya yi ma da ya fi min sauƙi, don kunya ta kusa kashe ni.

Suka gyara maganin a gabansu suna lura. Arba'in da tara. Hamsin da shida. Ranar da aka sallame ni, sittin da takwas. Kuka na yi.

Alhamdu lillahi. Na gode wa likitan nan da nas-nas, da Fuseina da ta haɗiye fushinta saboda ni, da ku masu addu'a.

Ku ji shawarata. Lamba ta ukun nan ku riƙa dubawa. In ba na'ura, ku zauna ku huta, yatsa biyu a wuyan hannu, ku ƙirga minti cikakke. In ya yi ƙasa da sittin ga jiri, ko suma, ko ciwon ƙirji, ko numfashi na yankewa, asibiti nan take. Kada ku tsai da maganinku da kanku, kada ku ƙara da na wani. Kuma kada ku ɓoye wa likita komai.

Amma har yau hankalina bai kwanta ba. Da na kira Memuna na gaya mata, ta yi salati ta fashe da kuka, sannan ta ce, "Adiza, ba ke kaɗai na ba a bikin nan ba. Ku huɗu ne."

Biyu mun same su. Ta ukun 'yar dangin ango ce, ko sunanta Memuna ba ta sani ba.

'Yar'uwa, in ke ce, ko uwarki ce, ko maƙwabciyarki, ki ɗauki farar ƙwayar nan ki je asibiti da ita yau.