Yaya Lawal da Kayan Alfarma

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar yayana, Injiniya Lawal, kuma har yau in jirgi ya ratsa samaniyar Tudun Wada sai ya faɗo mini a rai. Aikinsa binciken haɗarin jiragen sama ne. Mu a gida Sarkin Tambaya muke ce masa, don ko miya ce ta yi tsami sai ya ji dalili.

Aikin da ya fi cin ransa shi ne na wani jirgin dakon kaya da ya faɗi jim kaɗan bayan tashi, duk na ciki suka rasu. Matuƙin, Kyaftin Bello, ɗan Hajiya Asabe ne ta Tudun Jukun, ƙawar Innarmu. Tun ba a tashi daga zaman makoki ba, gari ya ɗauka cewa gangancin Bello ne ya jawo. Hajiya ta daina shiga mutane, ko suna ba ta zuwa. Dattawa suka ce Yaya ya bar tone-tone, ƙaddara ta riga fata. Ya ce ya yi imani da ƙaddara, amma ba ita ta ce a ɗora wa mamaci laifin wani ba.

Ya yi watanni yana tsintar tarkace a gonar dawa, ya rame ya yi baƙi. Abin da ya gano ya ba kowa kunya, don alfarma ce irin tamu. Wannan ya roƙi a sa masa injin niƙa, wancan janareta, masu lodi suka kasa cewa a'a. Ba a auna nauyi ba, aka ɗaure da igiya kamar a bayan tirela. Jirgi na ɗaga hanci, igiya ta tsinke, kaya suka zame baya. Ɗaya daga masu saƙon kuwa kawunmu ne. Kawu ya zo har zaure yana magiyar a rufa masa asiri. Yaya ya durƙusa ya ba shi haƙuri, amma bai sauya ko kalma ɗaya a rahoton bincikensa ba. Kawu bai ƙara taka gidanmu ba, kuma na san abin ya yi wa Yaya ciwo.

Yau in haɗari ya auku, kafin hayaƙi ya lafa an yanke hukunci a waya. Da yana raye, murmushi zai yi ya ce sauri ya haifi nawa. Ina kewar wannan natsuwa tasa ƙwarai.

Bai bar mana wata dukiya ba. Abin da ya bari na gan shi ranar sadakar uku, da aka riƙo hannun Hajiya Asabe, idonta ya riga ya tafi, har ɗakin Inna.

Ta ce, "Lawal ne ya zo da ƙafarsa ya ce mini yaron nan ya riƙe jirgin har ya kauce wa ƙauye. Daga ranar na iya ɗaga kai in ana zancensa."

Inna, wadda kunyar ɗan fari ta hana ta kuka tun da aka fita da gawa, ta ja mayafi ta rufe fuska. Allah Ya jiƙan Yaya.