Badalar da Inna Ta Gani a York

Ranar wata Asabar ce cikin hutun Ista, shekarar da aka haifi ƙanena Sadiq, ina ’yar shekara tara. Mun fito daga tashar jirgin ƙasa ta York ke nan, Baba yana gaba yana tura keken jariri, Mama tana gyara wa yaron hula, ni kuma ina riƙe da hannun kakata Inna, wadda ta ɗora rigar sanyin Baba a kan atamfarta har ta kusa kai mata ƙauri. Sai na ji ta tsaya cak. Na ja hannunta, ta ƙi motsi. A tsallaken titi wani tudu ne mai koriyar ciyawa, furanni ruwan ɗorawa sun lulluɓe shi, a samansa kuma doguwar katangar dutse ta miƙa hagu da dama. Inna ta saki hannuna, ta dafe ƙirji, ta ce, "La'ilaha illallahu! Ai badala ce wannan." Tun da ta zo Ingila ban taɓa jin ta ɗaga murya haka ba, har wani Bature mai jan akwati ya waiwayo.

Wankan jego ne ya kawo Inna daga Kano. Ita ta haifi Mama, kuma sunanta aka sa mini, shi ya sa kowa yake kira na Ummi, ita kuwa takwara take ce mini. Muna zaune a Levenshulme a lokacin, cikin ɗaya daga gidajen nan na jan bulo da ke manne da juna, Baba yana karatu a jami'a can Oxford Road. Inna ta iso da jaka cike da busasshen ganyen darbejiya da kanwa da daddawa da dambun nama, kuma cikin kwana kaɗan gidan ya zama nata. Kullum da safe banɗakinmu sai ya cika da tururi har ruwa yana bin bango, ni ce mai cika butar lantarki, Baba ne mai hawa da ita sama. Ranar da ta fara kunna turaren wuta, ƙararrawar gobara ta ɗauki ihu, ta tsaya ƙarƙashinta riƙe da kasko tana tambayar wane ne ya mutu. Ita ta koya mini shanya kaya a kan hita yadda ba za su yi warin damshi ba, ita ta koya mini carafke da tsakuwar da muka tsinto a ɗan filin bayan gida, wurin da ko tabarma biyu ba zai ɗauka ba. Idan an tashi daga makaranta nakan hango ta a bakin ƙofa cikin iyayen yara, ta fi kowa tsayi saboda ɗaurin ɗankwali, tana gaida duk wanda ya haɗa ido da ita da Hausa, ko ya ji ko bai ji ba. Ni kuwa Hausata a lokacin abin tausayi ce. Ta yi mini magana in amsa da Turanci, ta taɓe baki ta ce, "An ba ni takwara mai magana ta hanci." A hankali bakina ya fara buɗewa, don ba yadda za a yi ki ci Inna a carafke ba tare da kin iya musu ba.

Sai dai garin bai karɓe ta ba. Ba sanyin ne ya fi damunta ba, shirun ne. Takan zauna bakin taga ta dubi titi tun safe, ba mai sallama, ba mai talla, ba yaron da za a aiko ya ce ana gaisuwa. Maƙwabciyarmu mutuniyar kirki ce, amma gaisuwarta ɗaga hannu ce ta wuce, Inna kuwa tana ganin gaisuwar da ba a tambayi gajiya da yara ba ba ta cika ba. Da aka yi arba'in sai ta fara ninke zannuwanta tana jerawa a jaka, alhali bizarta da sauran watanni. Na taɓa samun Mama a kicin tana kuka a kan tukunya, ta ce albasa ce, ga shi ko albasa babu a wurin. Ni ma hankalina ya tashi, don a ɗakina Inna take kwana, kuma na riga na ƙudura cewa da ita za mu yi dogon hutu. Baba kuwa suruki ne, ba shi da bakin roƙonta. Daga bakin ƙofa yake durƙusawa ya gaishe ta, idonsa a kan kafet. Shi ne ya yi tunanin cewa zaman ɗaki ne ya ishe ta, in ta ga ƙasar za ta sake shawara. A cikin bas a Stockport Road ya damƙa mini aikin. Ya ce, "Ummi, ranar weekend za mu York. Ki nuna mata komai, ki sa ta dariya. Ke ba ta iya ce miki a'a."

A jirgi na yi iya ƙoƙarina. Na ba ta kujerar taga, ina nuna mata tsaunuka da ƙananan garuruwa masu baƙaƙen gidajen dutse da ke maƙale a gangare. Abin da ya ɗauki hankalinta tumaki ne, ga su nan birjik a kan tudu, kowace da shafin fenti a baya, ba makiyayi ba kare. Ta yi ta tambayar wa ke tsaron su, Baba yana amsawa a hankali yana kallon takalminsa. Ta raba mana dambun nama, ta miƙa wa wata tsohuwa da ke gefenmu, matar ta karɓa don kunya, daga baya ta miƙo hannu da kanta. Ban da wannan ba abin da ya burge Inna, har muka sauka ta ga katangar.

Matakalar hawa tana jikin wata tsohuwar ƙofa, ƙuntatacciya ce kuma a miƙe, keken jariri ba zai bi ba. Aka yi shawara su Baba su bi ta cikin gari mu haɗu a babbar majami'a, ni da Inna mu hau. Matar da ke nishi a matakalar gidanmu, ranar sai ga ta ta tattare zani ta riga ni kaiwa sama. Ta tsaya ta dubi ciki, rufin gidaje ja-ja a cunkushe, lunguna a murɗe, ta juya ta dubi waje inda motoci ke wucewa, sannan ta ce, "Ashe suna da gari. Iyayenki ne suka ɗauke ni suka ajiye a waje." Sai daga baya na gane nauyin maganar. Inna haifaffiyar cikin birni ce, kusa da Ƙofar Na'isa, kuma a wurinta duniya kashi biyu ce, akwai cikin gari, akwai waje. Duk girman Manchester, tun da ba ta da badala, a idonta waje ce.

Muka kama tafiya, iska tana kaɗa mata mayafi, bakinta kuwa ya ƙi rufuwa. Ta ba ni labarin yadda suke hawa badala in an taso daga makarantar allo, su zauna cikin tsohuwar tasa su sulalo ƙasa, zani ya yage a sha duka, gobe a koma. Ta ce daga can sama suke hango masu nono suna shigowa da ƙwarya a ka, da jakuna ɗauke da itace, da awakin unguwa da suka fi yara iya hawa. Duk ƙofar da muka tarar sai ta raɗa mata suna. Wannan Ƙofar Na'isa ce, ta gaba Ɗan Agundi, sauran da ba mu kai ba ma ta jero mini su, ta sa ina maimaitawa tana dariya har da share hawaye. Da hasumiyoyin majami'ar suka bayyana sama da rufin gidaje, ta nuna da haɓa ta ce ga Dalarsu can. Zuciyata fari ƙal, na ce a raina aikin da Baba ya ba ni ya gama kansa.

A ƙofar majami'ar Inna ta sunkuya ta cire takalmi. Mama ta raɗa mata cewa a nan ba a cirewa, ta ce ita dai an ce mata ɗakin ibada ne, ba za ta shiga da ƙasar titi ba. Haka ta riƙe su a hannu ta taka dutsen nan mai sanyin ƙanƙara da safa. Ciki ya fi duk abin da na taɓa gani tsawo, hasken rana yana ratsowa ta gilasai masu launi yana zuba a ƙasa ja da shuɗi, mutane suna magana ƙasa-ƙasa. Ni gilasan nake nuna mata, ita kuwa hankalinta yana kan wasu duwatsu masu rubutu a jikin bango, da siffofin mutane da aka sassaƙa a kwance. Ta ce in karanta mata. Na karanta sunaye, na ce mata waɗanda suka mutu ne tun da daɗewa. Ta tambaya ko mutanen garin ne, na ce ina jin haka. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Sun yi dace, a gida ta same su." Ban ɗauki maganar a bakin komai ba. Na dai lura cewa daga nan ba ta sake yin dariya ba, na zaci ƙafarta ce ta yi sanyi.

Da muka fito yayyafi ya fara, ga rabin badalar ba mu zagaya ba. Baba ya ce, yana kallon sama kamar da gajimare yake magana, ai sai mu dawo lokacin zafi mu ƙarasa. Inna dai ta sunkuya ta mai da takalminta. Sai a jirgi, bayan mun bar gari, ta juyo gare ni. Baba yana zaune a gabanta, gwiwarsa ta kusa taɓa tata, amma ni ta aika. Ta ce, "Takwara, ki gaya wa babanki na gode, ya nuna mini gari, Allah ya yi albarka. Ki ce masa ya nemo mini jirgi." Na fashe da kuka a gaban mutane, ina ce mata ai ta ji daɗi, ai ta yi dariya, na haɗa Hausa da Turanci ban san me nake faɗa ba. Ta jawo ni jikinta cikin rigar Baba mai ƙamshin turarenta, ta ce, "Na ji daɗi mana. Shi ya sa. Na ga tasu, tawa nake so. Ba na son ta Allah ta same ni a waje. Ke dai ki zo, in zagaya da ke ƙofa-ƙofa."

Kafin a koma makaranta ta tafi. Har ya tsufa, in aka tuna ranar, Baba yakan girgiza kai ya ce da bakin teku muka kai ta. Mu kuma kowace shekara sai a ce bana za mu gida, sai karatun Baba ya hana, sai takardun zama, sai jarabawata, sai ta Sadiq. Ba wanda ya ƙi, kowa yana da dalili mai kyau, haka shekaru suka zube. Sai da na shiga jami'a na taka Kano. Na tarar da Inna a tsakar gida kan tabarma, gwiwoyi sun ƙi, ko banɗaki sai an kama ta. Wani ɗan kawuna ya ɗauke ni a adaidaita sahu ya kai ni inda ta kwatanta. Na ga shaguna a jere, na ga ƙofa ta siminti, na ga wani guntun tudun jar ƙasa da ruwan sama ya zaizaye, leda ta maƙale a jikinsa. Da na koma gida ina neman yadda zan faɗa mata, ta riga ni. Ta ce, "Ba sai kin faɗa ba, na san sun cinye ta. Ta Turawan tana nan?" Na ce tana nan. Ta ce, "Kin ƙarasa mana zagayen?" Na ce a'a. Ta ce, "To me kike jira?" Bayan wannan zuwan ban sake ganin Inna ba. A cikin garinta ta Allah ta same ta, kamar yadda ta roƙa.

Yanzu a Birmingham nake, ina da ’ya da ta kusa kai shekarun da nake da su a ranar. Bara na kai ta York. Furannin suna nan, matakalar tana nan, ko dutse ɗaya ban ga ya goce ba. Na so in jero mata ƙofofin kamar yadda aka jero mini, na faɗi Na'isa, na faɗi Ɗan Agundi, na ɗan ƙara, sai na kakare, ba kuma wanda zan waiwaya in tambaya. Wani lokaci nakan ce da ba mu je ba da Inna ta ƙara mana watanni, sai kuma in tuna cewa da ba mu je ba da ban taɓa ganinta tana hawa matakala kamar yarinya ba, har yau ban san wanne zan zaɓa ba. Da muka iso inda ni da Inna muka sauka daga badalar a wancan karon, ’yata ta ruga gaba tana kira, "Mum, come on!" Na tsaya riƙe da ƙarfen matakala. Rabin da ya rage yana nan lafiya lau, mai zagayawa da ni ce babu.