Yadda na mai da ɗan kokawa ɗan rigima

Shekarun baya, da aka fara tura ni Gure koyar da Ingilishi a kwaleji, ina ji da kaina ƙwarai. Yara na kira na mushe, wato malam da Faransanci, ni kuwa ina taku kamar a gidanmu aka ƙirƙiro harshen.

Wata rana muna karatu muka ci karo da kalmar brawl. Wata ɗaliba ta tambayi ma'anarta. Ban sani ba, kuma na ji kunyar faɗin haka. Na dubi hoton da ke littafin, na ga mutane sun sarƙe da juna, sai na ce, "Kokawa ke nan."

Yarinyar ta ji daɗi, domin mahaifinta tsohon ɗan kokawa ne mutumin Kelle, ya daɗe da bari ya koma aikin lambu. Da za a yi taron iyaye, ta rubuta ɗan jawabi a kansa da Ingilishi. Ni na duba mata. Ta tsaya gaban jama'a ta karanta cewa duk ƙasar Gure babu wanda ya kai babanta iya brawl. Uban yana zaune a gaba cikin babbar riga, yana ta murmushi.

Da aka watse, wani ɗan kasuwa Bakano ya ja ni gefe. "Malam, ka san abin da yarinyar nan ta ce da ubanta? Brawl ai faɗan tasha ne, na ihu da zage-zage da jifa da kujeru. Ba alƙali, ba ƙa'ida."

Washegari na iske dattijon a lambunsa cikin kwari, yana ban ruwa. Na faɗa masa komai. Ya ajiye guga.

"Duk kokawar da na yi, ban taɓa zagin wanda ya kayar da ni ba," ya ce. "To, tunda ka zo da ƙafarka, ya wuce. Amma ka gaya wa yaran gaskiya, kada a yi wa ɗiyata dariya."

Na yi hakan ranar Litinin. Daga nan kuma kusan kowace Juma'a ina lambun nan, muna shan shayi ƙarƙashin dabino.

Tun lokacin na koyi cewa "bari in duba" ba ta rage wa malami komai. Dattijon ya rasu bayan an canza mini wurin aiki. Ɗiyarsa ce ta bugo mini waya ta sanar da ni, yanzu ita ke koyar da ajin.