Ba a Shan Dutsi

Kwana biyu ina durƙushe gaban yaro ɗan shekara bakwai, ƙwaya a tafin hannuna. Ni da nake ɗura wa raƙuma magani a kasuwar Kornaka!

Ɗana ne, Nafi'u. Yana da larurar otizim. Ba ya yawan magana, kuma yadda ka faɗi kalma, haka yake ɗaukar ta. Masassara ta kama shi, jiki kamar garwashi. Uwarsa ta ɓoye ƙwayar cikin hura, ya shinshina, ya ture. Yanzu shi da hurar ma sun ɓata.

Yau da rana, muna gaban kwanon tuwo, na ce, "Nafi'u, don Allah sha maganin nan."

Ya ƙura wa ƙwayar ido. "Baba, ba ruwa ba ce. Ba a shan dutsi."

Na ce, "To, haɗiye ta kamar lomar tuwo."

Ya ɗauka, ya tsoma a miyar kuɓewa, ya haɗiye. Shi ke nan.

Ashe kwana biyu yaron nan yana jiran ubansa ya iya Hausa.

Jama'a, ku da kuka iya, ku faɗa mini: wa ya taɓa shan ƙwaya?