Ramar Yaya Habibu da hoton da ya riga shi isa Kano

A wannan watan ne yayana Habibu ya cika shekara huɗu da rasuwa. Na so in yi masa addu'a in ja bakina kamar yadda na saba kowace shekara, amma bana shirun ba zai yiwu ba. Maganar auren 'yarsa Rumaisa'u ta tsaya cak a Kano, kuma abin da ya tsayar da ita ya samo asali ne daga wata robar tsutsa da har yau take ƙarƙashin wurin wanke-wankena a unguwar Dengfeng, nan Guangzhou.

Ɗaki ɗaya muka zauna da shi, muna sayen kayan waya muna turawa gida. Shi ɗan kasuwa ne da rana, amma zuciyarsa ta manomi ce, irin ta mahaifinmu. Da ciwon suga ya kama shi, likita ya ce ya yawaita cin ganye. Ya gwada na kasuwar nan ya ce bai ji komai a bakinsa ba, sai ya sa aka taho masa da irin rama da alayyafo daga gida. Ƙasar da ake sayarwa a leda kuwa ya ce matacciya ce, don haka ya sayo tana, tsutsar nan da muke gani a gona da damina, ya zuba a babbar roba mai murfi, ya huda mata ƙofofin iska, ya shimfiɗa musu jiƙaƙƙen kwali.

Na sha faɗa a kan tsutsotsin nan fiye da yadda na sha a kan kaya. Ɓawon ayaba da na kankana da ganyen shayi nasu ne, amma idan na kuskura na jefa albasa ko ɓawon lemo, ranar ba ni da sauran kunne. Lokacin zafin Guangzhou, wanda mutum ke jin kamar an kifa masa tukunya, Yaya zai daskarar da ruwa a gora ya ajiye musu a cikin robar, ni kuwa ina gefe ina fifita da kwali. Nakan ce masa ko matarsa ba ta samu wannan gata ba. Sai ya damƙo baƙin takin da suka yi ya kai mini hanci, ya ce in shaƙa in ji ƙanshin gonar Baba. Gaskiya kuma haka yake ƙamshi.

Gidajen Dengfeng a manne suke da juna, rana ba ta shiga ɗakinmu. Sai ya sayo fitilar shuka mai haske shunayya ya rataya. Maƙwabciyarmu ta yi ƙorafin hasken yana shigar mata taga, shi kuma don kawaici ya toshe tagarmu da baƙin yadi. Ramar ta yi kyau har ta kusa kafaɗata. Kuma da yake Bahaushe ba ya iya cin abin marmari shi kaɗai a baƙuwar ƙasa, duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai 'yan'uwa su biyo ta ɗakinmu, kowa ya fita da ƙullin ganye a baƙar leda.

Mai karatu, ka tsaya a bakin lungu ka kalli lamarin da idon wanda bai taɓa cin kwaɗon rama ba: taga a toshe, haske yana tsiyayowa ta gefe, baƙaƙen fata suna shiga suna fita da ƙullin leda. Ganyen rama kuwa, idan ya girma, yatsu yake rabuwa kamar na wiwi. Mu da muka tashi muna tsinkarsa a bayan gida ko sau ɗaya wannan bai zo mana a rai ba, alhali muna zaune a ƙasar da maganar ƙwaya kan kai mutum ga rasa ransa.

Wata safiya muna shan shayi aka buga ƙofa, bugun da ba na maƙwabci ba. 'Yan sanda ne, tare da mai gidan da muke haya, wanda ya ƙi haɗa ido da mu. Suka jera mu a jikin bango. Ɗaya ya buɗe robar tsutsar ya ja baya da sauri, ya sa sanda yana tona ta yana neman abin da aka ɓoye. Yaya kuwa ya tsinki ganye ɗaya ya tauna a gabansu don ya nuna abinci ne, suka riƙe masa hannu suna tsawa, a zatonsu shaida yake haɗiyewa. Suka sa shi ya rungumi tukunyar shuka ɗaya ta ramar suka fita da shi ta cikin lungu. A nan ne wani daga cikinmu, Bahaushe ɗan'uwanmu, ya ɗaga waya ya ɗauki hoto.

Kwanakin da ya yi a hannunsu ban runtsa da kyau ba, don maganinsa na suga yana ɗaki. Na bi shagunan mutanenmu da ke benen kasuwar Tianxiu hawa-hawa ina roƙon waɗanda suka ci ramar su zo su faɗi abin da suka sani. Wanda ya hango ni sai ya duƙufa a kan kwalinsa. Wani ma ya ce mini tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Wallahi har yau idan na tuna fuskarsa raina ɓaci yake, domin shi ne mai cewa a ƙara masa ƙulli biyu.

Aka gwada ganyen, aka gwada fitsarinsa, ba a sami komai ba, suka sake shi. Ya dawo a rame, bai tambayi shago ba sai da ya buɗe robar ya ga ko tsutsotsin suna da rai. Amma hoton ya riga ya zaga wayoyin Kano, kuma babu wanda ya ɗauki hoton dawowarsa. Na ce ya fito ya yi bayani, ya ce kama da wane ba wane ba ce, mai hankali zai gane da kansa. Bai ƙara shekara biyu ba ciwon ya ci ƙarfinsa, ya koma gida ya rasu.

Ana cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. To wannan ta yi. Watan jiya dangin yaron da ke neman Rumaisa'u suka shiga binciken asali kamar yadda aka saba, wani ya tura musu hoton. Suka ɗage sa rana. Na kira baffan yaron, dattijo ne mai mutunci, ban ga laifinsa ba. Na ambaci takardar sallamar da 'yan sandan suka ba Yaya, ya ce da Sinanci take, ba su san me ta ƙunsa ba.

“Alhaji, mu dai hoto muka gani,” in ji shi. “Kai ɗan'uwansa ne, dole ka kare shi. Ka samo mana mutum biyu da ba danginku ba, waɗanda suka ga abin da idonsu, magana ta ƙare.”

Ina yawan tunanin me Yaya zai ce da ya ga Dengfeng ta yau. Yanzu ƙofar gida ma mai kyamara ce, sai ta kalli fuskarka kafin ta buɗe, da yawa daga cikin mutanenmu sun koma gida suna odar kaya ta waya, waɗanda suka rage kuma kowa na lallaɓa bizarsa kamar ƙwai. Ni kaina tsutsotsin na riƙe, amma alayyafo kawai nake shukawa, taga a buɗe. Na san zai yi mini dariya ya kira ni matsoraci. Abin da ban sani ba shi ne ko zai ci gaba da cewa mai hankali zai gane, da ya ji muryar 'yarsa a waya tana tambayata, “Baffa, don Allah ka faɗa mini gaskiya, Abba ya yi ko bai yi ba?” Wannan tambayar ta fi kamun 'yan sandan yi mini ciwo.

Na sake bin shagunan. Amsar ba ta canza sosai ba: maganar 'yan sanda ce, ba ma son sunanmu a ciki. Sai Alhaji Mumuni, wani mai lodin kaya ɗan zangon Kumasi, wanda ko kusa ba shi ne ya fi kusa da Yaya ba. Ban gama bayani ba ya katse ni.

“Ni na ci shi, wallahi na ci, da ƙuli-ƙuli ma. Ba ni lambar mutumin, yanzu-yanzu zan kira.”

Ya kuma kira a gabana.

Yaya bai bar gini ba, bai bar shago mai sunansa ba. Abin da ya bari shi ne yarinya mai tarbiyya, da alherin da ya shiga cikin mutane da yawa a ƙasar da ba kowa ke tuna ɗan'uwansa ba. Ku da kuka karɓi ƙullin nan ranar Juma'a, kuna Guangzhou ko kun koma Kano, na san kuna karanta wannan shafi, kuma kun san kanku. Ban kama sunan kowa ba, ba kuma zan kama ba. Allah Ya jiƙan Habibu, Ya sa ya huta. Dattijon ya ce zai jira zuwa ƙarshen wata, kuma mutum ɗaya ya rage.