Farfaɗiya da neman tallafin masu larura: abin da ya same ni

Assalamu alaikum. Na daɗe ban rubuta komai a nan ba, har wasu suna tambaya ko na koma gida ne. Ban koma ba. Rashin lafiya na yi.

Direban bas ne ni a Manchester. Muna zaune a Old Trafford da matata Rabi da 'yarmu Amal, lokacin ba ta shiga makaranta ba.

Da wari abin ya fara. Sai in ji warin ƙonanniyar roba alhali ba abin da ke ƙonewa, daga nan in yi shiru, ban san inda nake ba. Rabi ta ce, "Baban Amal, ina yi maka magana kana kallona kamar ba ka san ni ba." Na ce gajiya ce.

Wata Asabar na yanke jiki na faɗi a kicin. A asibiti na farka, na ciji harshe, wandona a jiƙe.

Aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, aka manna min wayoyi a kai, aka ɗebi jini. Likitar ta ce farfaɗiya ce. Na tambaye ta yaushe zan koma aiki. Ta ce, "Bas kam, ka cire shi a ranka."

Hajiyarmu a Zariya ta ce iska ce, ta aiko da turare. Na karɓa, na ci gaba da shan magani.

Asibiti ba a biya a nan, amma mai gida ba ruwansa da ciwonka. Da haya ta gagare mu, muka saki gidan, muka koma Birmingham wajen yayata Hadiza a Lozells, mu uku a ɗaki ɗaya.

Yaya Hadiza ce ta matsa in nemi tallafin masu larura. Ban so ba. Gani nake kamar roƙo ne. Ta ce, "Harajin da ka yi shekaru kana biya fa, na mene ne?"

Na cike takardun, aka kira ni ta waya don tantancewa. Matar da ta kira ta tambayi jikina, na ce da sauƙi. Kana iya girki? Ina iyawa. Wanka? Ina yi. Ban yi ƙarya ba. Rannan lafiyata ƙalau. Kuma haka muka taso, ba ka shimfiɗa wa baƙo ciwonka.

Aka hana ni. Na nemi a sake dubawa, aka sake hanawa.

A wata cibiyar ba da shawara kyauta a Balsall Heath na samu wani ma'aikaci da ya karanta amsoshina. Ya ce ba tambayata ake ko zan iya ba, tambaya ake ko zan iya ba tare da haɗari ba, kullum. Ya taimaka muka ɗaukaka ƙara, likitana na unguwa ya rubuto bayani.

Muka yi watanni muna jira. A tsakanin nan na faɗi a bakin titi, na kuma ƙone hannu da ruwan shayi. Tsoron da na fi ji shi ne matakalar bene.

Ranar zaman ƙarar na je da Rabi, mutum uku ne a gabanmu, har da alƙali da likita. Na faɗi komai, har da jiƙa wando. Tebur nake kallo.

Sai alƙalin ya juya ga Rabi, ya tambaye ta ko tana barin yarinyar da ni.

Ta ce, "Tun ranar da ya faɗi ban bar su su biyu ba. Ko shago zan je, sai in ce Amal na son rakiya. Idan yana wanka, a bakin ƙofa nake zama."

A wurin na fara jin wannan. Duk tsawon lokacin nan na ɗauka yarinyar ce ke son yawo.

A bas, hanyar gida, ta ce, "Ka yi haƙuri." Na ce ba ta yi laifi ba.

An ba ni tallafin. Daga baya aka canza min magani, faɗuwar ta ragu sosai. Ban warke ba, amma ina aikin rabin yini a wani sito, kuma mun kama namu wurin.

Ga mai irin larurata: kwatanta wa masu tantancewa ranarka mafi muni yadda take, kada ka tsaya a "da sauƙi". Ka je da wanda ke ganinka idan ka faɗi, domin kai ba ka ganin kanka. In an hana ka, ka ɗaukaka ƙara kafin wa'adi ya wuce. Ɗalibai, ku fara duba sharuɗɗan bizarku, ba kowa ya cancanta ba.

In kuma wani ya faɗi a gabanku, kada ku cusa masa cokali a baki. Ku kare kansa, in jijjigar ta tsaya ku juya shi gefe. In ta ƙi tsayawa, ku kira motar asibiti.

Na gode wa Allah. Na gode wa Yaya Hadiza da mijinta da suka ba mu ɗaki ba su taɓa tambayar ranar tashinmu ba, da ku da kuka yi ta cigiyata.

Rabi kuwa, ba a nan zan gode mata ba.